Sa'a 63 na zuba a wasan nan, ƙofa ɗaya ta cinye su

Tun kafin wasan bidiyon nan ya fito na biya kuɗinsa, na yi wata uku ina ƙirga kwanaki. Daren da aka sake shi sai da na zauna jiran facin ranar farko, wato gyaran da kamfanin ke turowa ta intanet, ya sauka, facin da ya kusa kai rabin wasan girma, amma ban ji komai ba. Kuma tsakani da Allah, sa'a 40 ɗin farko ban yi da-na-sani ba. Kiɗan yana shiga jiki, faɗan yana da nauyi a hannu, dazuzzukan kuwa har tsayawa nake ina kallon hazo yana tashi a kan ruwa.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne maharbiyar nan da ke shiga tawagarka a babi na biyu. Ba ta yarda da mutum da wuri. Saboda ita na ƙi karɓar toshiyar hakimin garin tashar jiragen ruwa, na rasa sulken da ya fi kowane kyau a wannan matakin. Saboda ita na bar wani ɗan fashi da rai. Sannu a hankali ta fara sakin jiki, har daren da muka yi zango ta ba ni labarin ƙaninta da ke tsare a ganuwar kan dutse. Don irin wannan nake buga wasannin RPG, waɗanda kake shiga rigar jarumin labari: ka yi zaɓi, wasan ya riƙe maka shi, can gaba ya dawo maka da shi.

A sa'a ta 63 muka iso ƙofar ganuwar. Ya kamata mai gadi ya fito, a yi magana, ya buɗe. Mai gadin yana nan, amma a cikin bango. Kafaɗarsa ɗaya da tsinin mashinsa kaɗai ke leƙowa daga dutsen. Idan na matsa kusa, alamar yin magana ta ɗan haska ta ɓace kafin yatsana ya kai. Na sake loda ajiyata, wato inda na adana ci gabana a wasan, yana cikin bango. Na kashe na'urar na kunna. Na kai jarumina masauki ya yi barcin kwana uku, na tafi wancan ƙarshen taswira na dawo. Na jefa masa wuta ko zai motsa. Ƙarshe na goge wasan ɗungurungum na sake saukewa, dare guda cur, da safe na tarar da kafaɗar nan a inda na bar ta. Maharbiyar tana tsaye a bayana tana maimaita jimla ɗaya, cewa mu yi sauri kafin gari ya waye. Kuma ba aikenta kaɗai ya tsaya ba, babban labarin ma ta wannan ƙofar yake bi.

Wasu 'yan wasa ne suka gano musabbabin, ba kamfanin ba. A babi na biyu akwai wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ke da mabuɗi a cikin akwati. Idan ka ɗauki mabuɗin kafin maharbiyar ta yi maka zancensa, wasan ba ya rubuta alamar cewa aiken ya fara ta hanyar da ta dace. Daga nan komai zai ci gaba da tafiya lafiya lau, sai ka zo ƙofar, inda mai gadi ke jiran alamar da ba za ta taɓa zuwa ba. Ni na ɗauki mabuɗin wajen sa'a ta 30. Ajiyar da wasan ke yi da kansa guda biyar ce, sabuwa na taka tsohuwa. Wadda nake yi da hannuna gurbi goma aka ba ni, kuma mafi tsufa a cikinsu bayan mabuɗin take. Duka goma sha biyar ɗin sun riga sun gurɓace ban sani ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne tallarsu cewa ta yi ka je duk inda kake so, ka leƙa kowane lungu. Na leƙa, shi ne laifina.

Na san ba a raba irin waɗannan wasanni da tangarɗa. Labari mai rassa ɗari, ba mai gwajin da zai bi kowane reshe ta kowace fuska. Na kuma san ba yau aka fara ba. Fallout: New Vegas na 2010 cikin kusan wata 18 aka haɗa shi, ya fito da matsaloli jingim, ga shi har yau ana yabon labarinsa. Skyrim na 2011 a kan PlayStation 3 yakan riƙa jan ƙafa idan fayil ɗin ajiya ya yi girma. Vampire: The Masquerade – Bloodlines ya fito a 2004, kamfanin Troika da ya yi shi ya rufe a 2005, masoya ne suka ci gaba da yi masa faci da hannunsu shekara da shekaru. Da wannan na riƙa rarrashin kaina, na ce zan ba shi tauraro huɗu in cire ɗaya saboda ƙofar, in jira gyara.

Na rubuta wa sashen taimako, na haɗa da hoto da fayil ɗin ajiya. Amsar da ta zo ta na'ura ce, wai in gwada kashewa da kunnawa. Bayan mako uku faci ya fito, na buɗe bayaninsa hannuna har rawa yake. An gyara ƙofar, amma ga wanda ya fara sabon wasa. Mu da muka riga muka maƙale, haƙuri kawai. A wannan makon kuma shagon cikin wasan ya samu sababbin alkyabbu da sirdin doki na sayarwa, kuma su ba wanda ya shige bango. Maido da kuɗi kuwa babu zancensa, don ƙa'idar inda na saya ita ce kada ka wuce sa'a 2 kana bugawa. Wace matsala ce ta RPG ke bayyana a sa'a 2? A lokacin ko fuskar jarumina ban gama zaɓa ba.

Daga nan sai abubuwan da na riƙa kawar da kai a kansu suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Wurin mutuwar tsohon malamin jarumin, inda ya kamata a zubar da hawaye, fuskarsa ba ta loda ba, idanu da haƙora kawai ke shawagi a iska. Akwai wata baiwa da na kashe maki uku a kanta, an rubuta tana ƙara ƙarfin kibiya, ashe ba ta yin komai. Jakar kaya tana ɗaukar daƙiƙa biyar kafin ta buɗe. Mafi muni, da na sake buga wasu hirarraki ina neman mafita, na gane amsoshi huɗun da ake jera maka sau da yawa wuri ɗaya suke kai ka. Wannan ba tangarɗa ba ce, ragon aiki ne aka lulluɓe da hoto mai kyau.

Na ɗauka an ɗauki darasi tun 2020. Cyberpunk 2077 ya fito ranar 10 ga Disamba, mutum miliyan 8 sun biya tun kafin fitowarsa, cikin kwanaki kaɗan Sony ta cire shi daga shagonta, bai dawo ba sai Yunin 2021. An gyara shi daga baya, har ya zama abin yabo a 2023, kuma ina tsoron darasin da wasu suka ɗauka ke nan: a sayar yanzu, a gama daga baya, za a yafe. Alhali Larian ta saki sashen farko na Baldur's Gate 3 tun Oktoban 2020, ta faɗa wa kowa cewa bai kammala ba, 'yan wasa suka yi kusan shekara uku suna tono kurakurai kafin cikakkensa ya fito a Agustan 2023. Shi ma babinsa na ƙarshe ya zo da 'yan matsaloli, amma wanda ya shiga da wuri ya san abin da ya saya. Ni ba wanda ya gaya mini cewa gwaji na biya kuɗi in yi.

Ba ma'aikatan da suka zana dajin nan ko suka rubuta maharbiyar nake jin haushi ba, aikinsu ya nuna sun so abin. Wanda ya kafe a kan ranar fitarwa alhali ya san ba a gama ba, shi nake nufi.

Tauraro biyu, kuma na biyun na maharbiyar ne. Wanda ya riga ya saya, ya ajiye gurbi ɗaya tun farkon babi na biyu kada ya taɓa taka shi, kuma kada ya taɓa akwatin ɗakin ƙasa sai ta yi maganarsa. Na gwada fara sabon wasa shekaranjiya, na kai wurin da za ta fara haɗuwa da ni, ta dube ni kamar baƙo ta tambayi sunana, sai na kashe na'urar.