Sharhi kan FreeBMD: bin diddigin sunan Arkwright

Na yi amfani da shafin FreeBMD, wato shafin intanet na bin diddigin zuriya, domin binciken Arkwright, sunan iyali da ba kasafai ake cin karo da shi a Ingila ba, kuma na gamsu ƙwarai. Asalin sunan sana'a ce, domin ma'anarsa ita ce mai ƙera akwatunan katako, kuma tushensa yana yankin Lancashire.

Masu aikin sa-kai ne suka kwafe jerin sunayen haihuwa da aure da mutuwa na Ingila da Wales, wanda gwamnati ta fara tattarawa a watan Yulin 1837, suka saka shi a intanet kyauta. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kowane suna yake zuwa tare da gundumar da aka yi masa rajista, ta yadda mai bincike zai ga inda dangin suka fi yawa da inda suka bazu daga baya.

Sai dai Richard Arkwright, shahararren mai masana'antar kaɗin auduga da aka haifa a garin Preston na Lancashire a 1732, ya rasu tun 1792, saboda haka mai neman zamaninsa sai ya koma ga rajistar coci-coci, wadda aka fara a 1538.