Kamfanin da ya yi mana binciken kayan tarihi kafin a fasa titi: na basu tauraro 4 cikin 5

Na daɗe ina so in rubuta wannan sai yanzu Allah ya yi, bayan mun miƙa kashin farko na aikin. Ni injiniya ne, aikina sa ido a kan 'yan kwangila masu manyan tituna, kuma wannan ne karon farko da nayi aiki da masu binciken kayan tarihi tun daga awon fili har zuba kwalta. Bazan kama sunan kamfanin ba tunda akwai ƙorafi a cikin maganata, amma duk wanda zai ɗauki irin su ina ganin zai amfana da abun da na gani da idona.

Dalilin ɗaukarsu dai ba wai dan muna so bane, dole ce. Kuɗin aikin rance ne, masu bada rancen kuma suna bin irin tsarin Bankin Duniya wanda ya fara aiki a 2018, ƙa'ida ta 8 a cikinsa gaba ɗayanta akan kayan gado da al'adu take, tace sai an duba abun da ke kan layin hanya kafin katafila ta shiga, sannan sai an rubuta me za'a yi in an ci karo da wani abu ana tsakiyar haƙa. Ba sabon abu bane a duniya, Amurka tun 1966 take da dokar da ta tilasta haka a ayyukan da gwamnatin tarayya ke sa kuɗi, ƙasashen Turai kuma sun sa hannu a yarjejeniyar Valletta ta kare kayan tarihi a 1992. To ni a lokacin abun da ke raina kawai kar su riƙe min aiki, dan duk wanda ya san titi ya san rana ɗaya da tifofi da gireda da rola zasu kwana basu motsa ba asara ce ba ƙarama ba.

Abun da ya fara burge ni shine basu fara da haƙa ba. Sati biyu na farko suna ofis suna bin tsofaffin taswirori da hotunan sama na da, suna ɗora su akan na tauraron ɗan adam na yanzu, suna neman inda launin ƙasa ya canza ko inda shuka ta fi tsawo a zagaye ko a layi, dan ashe tsohon rami da ya cike yana riƙe danshi, shukar da ke kansa tafi ta gefenta kore, ita kuma wadda ta fito akan tushen gini sai ta tsumbure. Bayan nan suka shiga ƙauyukan da layin ya ratsa suka zauna da dattawa, ba zaman minti goma na cika takarda ba, zama na gaske, kuma a nan ne suka samo abun da babu na'urar da zata nuna shi. Wani tsoho ya kai su wani fegi namu yace musu nan da kuke gani maƙabarta ce tun zamanin kakanninsa, babu alama ko ɗaya a sama, ciyawa ce kawai. Safiyonmu ya wuce ta wurin yafi sau biyar.

Shugabar tawagar mace ce, Dakta muke ce mata, ita ta kira ni da yamma tace Injiniya gobe in kana da sarari kazo da taswirarka mu tsaya a wurin tare. Naje. Tsohon yana nan, na gaishe shi nace Baba daga ina zuwa ina take, ya taka da ƙafarsa ya nuna min iyakar, ita kuma tana bin bayansa da na'urar GPS tana ɗaukar maki. Da yake a lokacin ba'a kulle zanen hanya ba, ba'a biya diyya ba, abun da muka yi kawai muka karkatar da layin kaɗan a kwamfuta muka sake lissafin kwanar, magana ta ƙare a cikin kwana uku. Wallahi da sai bayan an share fili aka gano, da Allah kaɗai ya san rigimar da za'a yi, ga haƙƙin mamatan da ke kwance a wurin wanda ni shi yafi tsaya min a rai.

Sai aikin fili. Sun jera ma'aikatansu a layi, tsakanin mutum da mutum 'yan mitoci, suna tafiya a hankali kai a ƙasa suna tsintar tsingaro da duk wani abu da hannun mutum ya taɓa, kowanne a sa a leda a rubuta lambar inda aka same shi. Inda tsingaron yayi yawa sai su kawo na'urar maganaɗisu, wani ƙarfe ne da mutum ke ratayawa yana kai da komo a fili, kuma wanda zai riƙe ta ba'a barinsa da makulli ko waya ko bel mai ƙarfe, har takalminsa sai an duba. Ita wannan na'urar tana jin inda wuta ta taɓa ci a ƙarƙashin ƙasa, murhu ko wurin gasa tukwane ko wurin narka tama, dan ƙasar da ta ƙone maganaɗisunta yana canzawa. Sun kuma zo da rada mai leƙa ƙasa amma anan zan yaba musu gaskiya, Dakta da bakinta tace a yankin da yake laka ce mai danshi radar bata ganin komai, kar mu biya kuɗinta a wurin. Wani kamfanin zai tura ta ya rubuta maka a bil.

Ramukan gwaji su ne na fi tsayawa kallo. Motar haƙa suka karɓa a wurinmu amma suka ce a cire mata bokiti mai haƙora a sa mai santsin baki, faɗinsa wajen mita biyu, direban yana yaye ƙasa siriri siriri kaman mai feƙe fensir, mutum ɗaya yana tsaye gaban bokitin idonsa a ƙasa, da ya ɗaga hannu sai mota ta tsaya cak. A rami na ban san ko na nawa ba ya ɗaga hannu, na leƙa ni banga komai ba sai ƙasa, shi kuma ya durƙusa da ɗan cokalin gini yana kankarewa, a hankali sai ga wani zagaye baƙi ƙirin ya fito a cikin jar ƙasa, gefensa ya ƙone yayi ja kaman bulo. Gindin tandar narka tama ce. Ya ɗauko wani dunƙule ya sa min a hannu, nauyinsa yafi girmansa, samansa yayi kaman abun da ya kwarara ya daskare, yace Injiniya kashin tama kenan, wani ne ya tsaya a nan yana hura wuta kafin ni da kai. Na daɗe riƙe da abun nan. Mu da muke aiki da rodi da ƙarfe kullum bamu taɓa tunanin ta ƙarƙashin inda zamu zuba kwalta akwai wanda ya fara sana'ar ba.

Wurin bai kauce ba dan gada na kusa, babu yadda za'a yi layin ya motsa, to sai aka haƙe shi gaba ɗaya aka zana aka ɗauki hoto aka tace ƙasar da rariya, gawayin da suka samu suka naɗe suka tura ɗakin gwaji dan a auna shekarunsa da kabon 14, wanda rabinsa ke ƙarewa duk bayan shekara 5,730, shi yasa ake iya lissafa yaushe itacen ya mutu. Abun da naji daɗi shine yadda suka tsara da mu, suka killace wurin da igiya mai launi suka ce mu cigaba da aiki gaba da baya, su a bar musu tsakiyar, kuma ranar da suka ce zasu tashi ranar suka tashi. Ban yi asarar yini ɗaya cikakke ba saboda su.

Horon da suka yiwa direbobinmu shima yayi. Awa ɗaya ne da safe, sun zo da ainihin tsingaro da ƙashi da dutsen niƙa suka bawa kowa ya taɓa, suka ce in ka ga irin wannan ka tsaya, kar ka taɓa, ka kira wannan lambar. Direban katafila ɗaya ya kira kuwa bayan wata guda, aka zo aka duba ashe ƙashin dabba ne na kwanan nan, aiki ya cigaba kafin azahar, kuma babu wanda yayi masa faɗa dan ya tsaida aiki, Dakta ma godiya tayi masa a gaban jama'a.

To yanzu inda suka rasa tauraro ɗaya.

Babban laifin shine wuraren ɗibar ƙasa. Titi ba layinsa kaɗai yake ci ba, akwai ramukan da ake ɗibar ƙasar ciko da marmara, akwai kwari na fasa dutse, akwai yadin ajiye motoci da hanyoyin wucin gadi da tifofi ke bi, kuma wani lokacin in ka haɗa waɗannan filin da suke cinyewa ba kaɗan bane. Takardar aikin da aka basu layin hanya kawai ta ambata, wannan kuskuren ɓangarenmu ne na yarda, amma su ne masana, ya kamata tun ranar farko su ce ina zaku ɗebi ƙasa, basu ce ba. Sai da ɗan kwangila ya buɗe wani tudu ya kwashe tifa da yawa sannan wani ma'aikacinsu da ke wucewa yaga tsingaro a cikin ƙasar da aka baza akan hanya. Tudun ashe kufai ne, tsohon mazauni da ya taru shekara da shekaru. An tsaida ɗiba an ceci abun da ya rage amma gefe guda ya riga ya tafi, kuma abun da aka kwashe ko an tsinto shi baya da amfani sosai, dan su a wurinsu ba tukunyar bace kawai, inda take kwance da abun da ke samanta da ƙasanta shine labarin. Wannan abu har yau yana damuna. Kuma ba mu kaɗai ya taɓa samu ba, a ƙasar Beliz a 2013 wani kamfanin titi ya rushe mafi yawan dalar Nohmul ta mutanen Maya, tsofaffin mazauna yankin, gini mai shekara sama da 2,000, dan kawai ya samu tsakuwar ciko. Duk mai wannan sana'ar ya san labarin nan, shi yasa nake ganin bai kamata ya wuce su ba.

Na biyu rahoto. Ya makara da kusan wata biyu akan lokacin da muka yi, da yazo kuma kundi ne guda cike da kalmomin da sai ɗan cikinsu, ni kuma abun da nake buƙata shafi biyu ne da taswira mai nuna min daga kilomita kaza zuwa kaza ja ne kar a taɓa, nan rawaya ne a haƙa da mai sa ido, nan kore ne a wuce. Sai da na roƙa sau biyu kafin suka yi min, da suka yi kuwa yayi kyau sosai, shi muka manna a ofishin yadi kowane fomen yana dubawa. Sannan mutanen ƙauyen da suka basu labari ba'a koma an faɗa musu me aka samu ba sai da nayi magana, wannan bai kamata ba, mutum ya buɗe maka tarihin kakanninsa ka tafi ko waiwaye babu.

Akwai masu cewa wannan bincike ɓata lokaci ne, ni na ga akasin haka amma da sharaɗin a kira su da wuri. A Ingila lokacin aikin titin A14 tsakanin Kambirij da Huntingdon masu bincike kusan 250 ne suka yi aiki a fili wajen hekta 350, har ragowar wata irin tsohuwar giwa mai gashi suka tono, titin kuma aka buɗe shi a 2020 ba tare da sun hana shi ba, saboda an saka su a jadawali tun farko. A Ailan kuwa, kan titin M3 kusa da wani tudun tarihi da ake kira Tara, sai a 2007 aka gano wani babban wurin tarihi a Lismullin bayan an riga an kafe layi, aka yi ta zanga-zanga da ja-in-ja, daga ƙarshe dai haƙe shi aka yi titin ya bi ta kai. Mu ma a ɗan aikinmu duka biyun mun gani, maƙabartar da aka gano da wuri ta tsira ba'a taɓa ko ƙasa ɗaya ba, tudun da ba'a duba ba kuma ya tafi rabi.

Zan sake ɗaukarsu? Eh zan sake, har na bada sunansu a kashi na biyu na aikin. Amma wannan karon na zauna da Dakta mun rubuta a takarda cewa duk ramin ɗibar ƙasa da kwari da yadi sai sun taka shi da ƙafa sun sa hannu kafin tifa ta farko ta shiga, taƙaitaccen rahoto da taswira mai launi zai zo cikin sati biyu da gama fili ba sai an jira babban kundi ba, sannan a rubuta sunan gidan adana kayan tarihin da zai karɓi kayan tun kafin a fara, dan na kashin farko har yanzu suna cikin kwalaye a sitonsu ana jiran takardar miƙawa. Bata yi musu ko ɗaya ba, ita ma ta ƙara nata sharaɗin, tace ɗan kwangila ya dinga basu sanarwar sati guda kafin ya buɗe sabon rami, ba ya kira su da daddare yace gobe da asuba zai fara ba. Na sa hannu akan wannan ma.