Ɗan rediyo mai sola da na saya lokacin jego

Duk wanda matarsa ta kusa sauka, kuma shi mutum ne da ƙwallo ta shiga jininsa, shawarata ya ware wani abu daga kuɗin hidimar suna ya sayi ɗan ƙaramin rediyon nan mai caji, mai farantin sola a baya da tocila a gefe. Irinsu sun cika layin masu kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Kusan duk ƙirar Chaina ne, sunan da ke jiki ne kawai ya bambanta, shi ya sa babu amfanin in kama sunan nawa. Yana da mariƙi a sama da eriya mai miƙewa, yana kama FM da matsakaicin zango da gajeren zango, akwai gurbin memori da na filash, akwai Bluetooth, akwai kuma ƙofar iyafis. Farashinsa yana bin dala, amma lokacin da na saya bai kai abin da muke kashewa a famfas na wata guda ba.

Allah ya ba mu 'ya mace a tsakiyar hunturu, ita ce ta fari. Bisa al'ada da mai ɗakina gidan iyayenta za ta tafi wanka, amma aka yi shawara ta zauna a ɗakinta, ƙanwar mahaifinta ta zo daga ƙauye ta kula da ita har arba'in. Wannan ya sa abubuwan da yawancin maza ba sa gani a haihuwar fari ni na gan su da idona. Itacen dafa ruwan wanka, cinikin 'yan garuwa safe da yamma, geron kunu, nama da kayan yaji na maijego, tarbar 'yan barka, neman ragon suna, kiran wanzami, duk a wuyana. Da dare kuma Gwaggo, wadda ta manyanta, takan yi barci da wuri don ita ke tashi tun kafin asuba ta hura wuta. Daga bayan isha'i zuwa tsakar dare ni ne mai taya maijego, ta shayar ta miƙo mini in saɓa a kafaɗa har yarinyar ta yi gyatsa.

To a nan ne maganar ƙwallo ta shigo. Wasannin gasar Zakarun Turai a watannin sanyi ƙarfe 9 na dare agogon Najeriya ake take yawancinsu, a tashi wajen 11. Gidan kallon unguwarmu ba shi da nisa, amma ban ga yadda zan bar mace da ɗanyen jego da jaririya in je in zauna a benci awa biyu ba, in dawo kuma da ƙurar hunturu da hayaƙin janareta a riga in ɗauki 'yar da cibiyarta ba ta ma faɗi ba. Kallo a waya kuwa yana cin data, hoton yana tsayawa, kuma hannu biyu yake buƙata da ido. Rediyo kunne ɗaya kawai yake nema.

Saboda haka abin da ya fi komai daraja a jikinsa a wajena shi ne ƙofar iyafis, kuma ba duka ne ke da ita ba, a duba kafin a biya. Ina sa ɗaya a kunnen dama, in bar na hagu a buɗe saboda motsin yarinyar. Abu na biyu mai muhimmanci shi ne abin ƙara sauti. Nawa na murzawa ne da yatsa, ana iya sauke shi a hankali har ya zama kamar raɗa. Akwai masu maɓallin dannawa, waɗanda daga shiru sai su yi tsalle zuwa ƙara, kuma kowace dannawa da ƙarar da take yi. Waɗannan ba su dace da ɗakin jariri ba ko kaɗan.

Wajen kama tasha, FM ba ni da ƙorafi. Tashoshin Kano duk suna fitowa tas ko ba a miƙe eriya gaba ɗaya ba. Ranar Lahadi da la'asar, lokacin da aka saba buga wasannin gasar Firimiyar Najeriya, nakan ajiye shi a bakin tagar tsakar gida ina faskaren itace ina jin sharhin wasan Kano Pillars. Ni ɗan Sai Masu Gida ne tun ina yaro. A rediyon mahaifina na bi wasan da muka yi da Al Ahly a Alƙahira a 2009, aka tashi 2 da 2 muka fitar da su daga gasar Zakarun Afirka, muka je har wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta tsayar da mu. Ina filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a shekarun da muka ɗauki kofin lig sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, bayan na farko da muka ci a 2008. Na ga ranar baƙin cikin faɗuwa daga gasar a 2022, na ga dawowarmu shekarar da ta biyo baya. Mutum irina ba ya iya cewa ya daina bin wasa don an yi masa haihuwa, kuma ban ga dalilin da zai sa ya daina ba. Abin da ake buƙata shi ne hanyar da zai bi wasan yana gida, hannunsa na kan aikin gida. Mai sharhi na Hausa in ya iya aikinsa, daga yadda muryarsa ke hawa za ka san ƙwallo ta shiga yadi na 18, kafin ya ambaci sunan Rabi'u Ali ka riga ka ajiye gatari.

Wani abin da na lura da shi: rediyo yana riga waya kawo labari. Maƙwabcina da ke bin wasa ta intanet sai ya ji na yi kabbara kafin ƙwallon ta iso wayarsa. Wannan ba wai gwanintar wannan rediyon ba ce, haka FM yake, ba ya jiran komai.

Gajeren zango kuwa sai an yi haƙuri. Da safe ƙarfe 6:30 ina samun Sashen Hausa na BBC sarai, da dare ma yana kamawa, amma wurin tashoshin a matse yake, motsi kaɗan ka wuce. Kuma in an kawo wuta aka kunna ƙwan lantarki irin na zamani, ko aka jona caja kusa da shi, sai wani gurnani ya rufe maganar. In kana cajin shi kansa rediyon ma haka ne. Sai an zare shi daga wuta a ɗan matsa da shi bakin taga.

Babban aibinsa, wanda na ga ya kamata duk mai saye ya sani, shi ne muryar da ke cikinsa. Da ka juya shi zuwa Bluetooth ko memori, wata mace ce za ta yi sanarwa da Turanci da ƙarfin gaske, kuma abin rage sauti ba ya taɓa ta. Wani dare na daɗe ina jijjiga yarinyar, na samu ta yi laƙwas, ɗan hannunta da ke dunƙule ya saki, na kwantar da ita rigingine a cikin gidan sauronta. Na juya maɓalli don in sa waƙa ƙasa-ƙasa, sai wannan murya ta cika ɗakin. Yarinyar ta zabura ta watsa hannuwa biyu sama, ta riƙe numfashi na ɗan lokaci, sannan ta tsala kuka. Daga ɗaya ɗakin Gwaggo ta ce, "Malam, wace ce wannan da tsakar dare?" Na ce, "Ku yi haƙuri Gwaggo, rediyo ne." Wanda ya ƙera abin nan bai yi tunanin gidan da ake lallaɓa barci ba. Maganin da na samu shi ne a soka iyafis tukuna kafin a kunna, sai sanarwar ta tafi cikinsa, bayan ta gama a zare. Ko kuma a fita da shi tsakar gida a juya a dawo.

Batun kiɗa. Sifikar ɗaya ce ƙarama, kada a sa ran jin dukan ƙirji. Muryar mutum da kayan kiɗa masu tsirkiya, irin su kuntigi da gurmi da garaya, suna fita da kyau ƙwarai, har kana jin yadda yatsa ke taɓa tsirkiyar. Karatun Alƙur'ani ma haka, a nan ne ma ya fi burge ni. Kalangu kuwa in aka ƙara sauti sai murfin baya ya fara karkarwa, waƙoƙin fiyano na zamani kuma rabin kiɗansu ɓacewa yake yi. Ba shi da allon da zai nuna sunan waƙa, kuma yadda aka tura su haka yake jero su, don haka in memori ɗaya ka cika da komai, daga waƙa mai sanyi sai ka faɗa kiɗan biki. Na je wajen masu turi na ce a raba mini: ɗaya karatu zalla, ɗaya tsofaffin waƙoƙin gargajiya masu taushi, ɗaya kuma na maijego da waƙoƙin soyayyar da take so. Ina ajiye su a cikin kwalin ashana a kan taga.

Yarinyar ba ta san waƙa ba tukuna, amma ta san muryata. Abin da na gani shi ne in na saɓa ta ina bin waƙar a hankali, kunnenta na kan ƙirjina, ta fi saurin natsuwa fiye da in rediyon ne kaɗai ke yi. Aikin rediyon shi ne ya tuna mini baitin da na manta, ya kuma hana ni gyangyaɗi da 'ya a hannu, wanda abu ne mai haɗari ƙwarai. Akwai kuma shuuu ɗin nan da ake ji tsakanin tasha da tasha. In kukan ya ƙi ƙarewa bayan ta ƙoshi kuma an canja mata famfas, wannan ƙarar takan kwantar da ita. Da na faɗa wa ma'aikaciyar jinya a asibiti ta ce an san da haka, jarirai sun saba da irin wannan ƙara tun suna ciki, amma a sa ƙasa sosai, a ajiye nesa da kanta, kada a bar shi har safe, kuma kada a taɓa sa rediyo ko wayar iyafis a cikin shimfiɗarta. Nawa a kan durowa yake zama, can ɗaya ɓangaren ɗakin.

Tocilar ta yi mana aiki fiye da yadda na zata, don an sha ɗauke wuta a makonnin nan. Haskenta fari ne mai kaifi, ba a haska fuskar jariri da shi. Nakan juya shi ya kalli bango, hasken da ya dawo ya isa a canja famfas ko a shafa maganin cibiya da aka ba mu a asibiti. Sai dai ba a duba shawara da shi, wannan sai da hasken rana, a kalli farin idon yaro da fatarsa.

Farantin solar ne ban gamsu da shi ba. Bai fi tafin hannu ba, ga hazo ya rufe rana, ga ƙura na kwanciya a kai. Yini guda a rana abin da yake tarawa bai wuce na jin labarai ba. Kuma barin rediyon gaba ɗaya a rana yana gasa batirin da ke ciki, in zafin Kano ya dawo a watan Afrilu abin zai fi muni. A ɗauke shi a matsayin na ko-ta-kwana. In an cika shi da wuta kuwa, yana kai ni wasa guda da tocilar dare biyu ba tare da ya yi sanyi ba.

Wanda ya fi kowa morar rediyon a gidan, in aka cire ni, Gwaggo ce. Da hantsi takan ɗauke shi zuwa bakin murhu. A wani shirin lafiya ta ji likita yana bayanin cewa yawan kanwa a kunu da ruwan wanka mai tsananin zafi suna iya jawo wa maijego kumburi da ciwon zuciya, kuma jariri ba ya buƙatar ruwa ko jiƙo har wata 6, nono ya ishe shi. Maganar da ni nake jin nauyin faɗa mata ce, don ba a koya wa babba jego. Da kanta ta rage kanwar, ta fara sirka ruwan. Ita ce kuma ta tuna mana cewa rigakafin mako 6 yana zuwa daf da arba'in, bayan na BCG da ɗigon shan inna da aka yi tun a makon farko.

Da ta fara haɗa kayan komawa ta ce, "Malam, in da hali a samo mini irinsa, can wajenmu wuta sai a yi kwanaki ba a gan ta ba." Na koma shagon na ce wa mai kayan ya buɗe murfin baya a gabana. Batirin ya zama irin mai cirewa, dogon nan da ake kira 18650, don in ya mutu a sauya shi a ci gaba. Ya miƙo mini wani na ajiya an rubuta 9900mAh a jiki, wato yawan cajin da yake ɗauka, na mayar masa, domin na gaske irin wannan girman ba ya wuce wajen 3500, kuma na jabu in ka ɗaga za ka ji shi fayau babu nauyi. Na sa ya kunna guda uku ɗaya bayan ɗaya a juya su zuwa memori, muka zaɓar mata wanda sanarwarsa ke bin abin rage sauti. Akwai su ashe, kuɗinsu ya ɗan ɗara kaɗan, kuma ga mai jariri a ɗaki su ne na saye.