Gadon jariri na katako mai gidan sauro: gadon ya yi, kayan cikinsa ne abin dubawa

Gadon jariri na katako da kafintoci ke haɗawa a nan Bauchi, wanda ake sayarwa tare da katifa, gidan sauro, ɗan matashin kai da tattausan soson da ake zagaye cikinsa da shi, ya shiga sahun kayan da dangin mai jego ke kaiwa kafin ranar suna. Irinsa muka saya wa ƙanwata a wani shago da ke wajen kasuwar Wunti, kuma yanzu da jaririyarta ta yi watanni tana kwana a cikinsa, ina ganin ya dace in faɗi abin da na gani.

Aikin katakon ya yi kyau. Gadon ba ya girgiɗi, ba a bar kan ƙusa ko tsini a waje ba, kuma duka gefunansa huɗu a kafe suke. Wannan ya fi mini irin wanda gefensa ɗaya ke zamewa ƙasa, wanda Amurka ta hana sayarwa tun shekarar 2011 saboda jarirai na maƙalewa idan gefen ya kwance. Tazarar da ke tsakanin sandunan ba ta wuce santimita 6 ba, kuma haka ake so, domin idan ta fi haka jikin yaro na iya zurarewa kansa ya saura a ciki. Warin fenti ne kawai ya sa muka bar shi a inuwa ya sha iska kafin a shigar da shi ɗaki.

Katifar ce ba ta gamsar da ni ba. Tana da laushi ƙwarai, idan aka danna ta da tafin hannu sai ta lotsa, ta daɗe ba ta taso ba, alhali jariri katifa mai tauri kuma shimfiɗaɗɗiya yake buƙata, wadda fuskarsa ba za ta nutse a ciki ba idan ya juya. Sannan ba ta cika gadon ba, domin yatsu uku suna shiga tsakaninta da katako, kuma ƙa'ida ita ce kada ya wuce biyu. Sai da muka je wurin masu sayar da soso aka yanko mana mai tauri daidai da awon gadon.

Matashin kan da soson zagayen su ne mai shagon ya fi yabawa, yana cewa za su kare kan yarinya daga buguwa. Na yarda da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma su ne mafi haɗari a cikin kayan, domin jaririn da bai iya ɗaga kansa ba, idan hancinsa ya manne da su, ba shi da ƙarfin janyewa. A shekarar 2022 Amurka ta kafa dokar hana sayar da irin wannan soson zagaye. Mun cire su duka, har da ɗan bargon, aka bar zanin gado ɗaya da aka ɗame sosai. A lokacin hunturu riga mai kauri ake sa mata maimakon lulluɓi, kuma a rigingine ake kwantar da ita, kamar yadda ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ke ba da shawarar a daina kwantar da jarirai rubda ciki tun 1992. Iyayenmu mata kan ji tsoron kada tumbuɗi ya shaƙe yaro, amma lafiyayyen jariri yana haɗiyewa ko ya yi tari ya fitar.

Gidan sauron yana rufe gadon ruf, sai dai ba mai magani ba ne, don haka da damina muka rataya mai magani daga sama, wanda ya fi kunna maganin sauro mai hayaki a ɗakin jego. Girman gadon kuma ya ba da damar ajiye shi jikin gadon uwa, domin ana son jariri ya kwana a ɗaki ɗaya da uwarsa, amma a gadonsa daban, aƙalla watanni 6 na farko.

Wanda zai saya ya tafi da abin awo, ya ce a cire masa matashin da soson a rage kuɗinsu. Ya kuma tambayi kafinta ko ana iya sauke shimfiɗar gadon ƙasa, domin namu ba a saukewa, kuma da zarar yarinyar ta fara kama sanda tana miƙewa, dole mu mayar da shi a gyara.