Raya sabuwar matatar tankin kifi: amoniya ko tsohon soso?

Matatar gwangwani (rufaffiyar matatar ruwa da ake ajiyewa a wajen tankin) da aka ɗaura yau datti kawai take tarewa. Sai bakteriya sun zauna a cikinta suke mayar da amoniya, gubar da kifi ke fitarwa, zuwa naitirait, sannan naitiret mai sauƙin illa. Hanya biyu ake bi a samo su.

Ta farko, a zuba amoniya kamar 2 ppm (wato miligiram 2 a kowace lita ta ruwa) a tankin da babu kifi, a riƙa gwada ruwan. Takan ci mako 4 zuwa 6. An gama idan amoniya da naitirait suna komawa sifili cikin awa 24 bayan an zuba amoniya. Akwai gajiyar jira, amma babu kifin da zai wahala.

Ta biyu, a ɗebo soso daga tsohuwar matata a saka a kwandon sabuwar. Wannan kan rage jiran zuwa 'yan kwanaki, ni ma ita na fi so. Sai dai sharaɗinta da yawa: soson ya iso a jiƙe, kada ruwan famfo mai kulorin ya taɓa shi, kuma a kunna matatar nan take, domin gwangwani a rufe yake, iskar oksijin ba ta daɗewa a ciki. Idan tsohon tankin na da cuta ko dodon koɗi, tare za a kwaso su.