Kayan gwajin madara: wanne ya kamata mai tara madara ya fara saya?

Duk mai karɓar madara daga rugage a yankin Dambatta, Wudil ko Ringim, idan kuɗinsa na abu ɗaya ne, ya sayi ma'aunin zafi mai tsinken ƙarfe. Ƙwayoyin tarin fuka na shanu da na bakkale (cutar da ke sa shanu ɓari) ba sa sauya wa madara kala ko ƙamshi, wuta ce ke kashe su. Ƙa'idar dafa madara ita ce digiri 63 na ma'aunin Celsius na minti 30, ko 72 na daƙiƙa 15, ana juyawa, sannan a sanyaya nan take. A tsoma tsinken a tsakiyar tukunya, kada ya taɓa gindi, domin gindin ya fi madarar zafi, sai ma'auni ya nuna ta kai alhali ba ta kai ba. A guji na gilashi: ya fashe a tukunya, an yi asarar madarar duka.

Jabu ya yi yawa, don haka a gwada kafin a biya. A ruwan ƙanƙara ya nuna 0, a tafasasshen ruwa wajen 98 zuwa 99 a nan Kano. Wanda ya kauce da digiri uku, a mayar wa mai shi.

Sai sifirit mai ƙarfin kashi 68. A haɗa cokali ɗaya na madara da ɗaya na sifirit a girgiza. In ta yi gudaji, ta fara tsami ko saniyar na ciwon hantsa. Amma akwai masu sirka sifirit da ruwa, kuma sirkakke yakan wuce da lalatacciyar madara a matsayin mai kyau. Wannan ya fi rashin gwajin muni. A sayi mai kashi 95 a rufe da hatiminsa, a auna mililita 72, a cika da ruwa mai tsabta zuwa 100.

Laktomita, wato ma'aunin nauyin madara, algus na ruwa take kamawa. Madarar kirki tana nuna 28 zuwa 32, amma mai ha'inci ya zuba ƙullun sitaci ya maido da nauyin. Ɗigon aidin ke tona shi, madarar ta koma shuɗiya.

Gwajin methylene blue, wani shuɗin rini da ake ɗiga wa madara, yana nuna yawan ƙwayoyin cuta, sai dai yana son digiri 37 na sa'o'i, abin da zai yi wuya a ƙauyen da ba lantarki. Na phosphatase, mai tabbatar da dahuwa, a kai samfur ɗakin gwaji cikin ƙanƙara.