Ranar da Bature Ya Kama Ni Ina Wasa Wuƙa a Ƙofar Gida

Babbar Sallar da ta wuce ce ta ja mini. A nan Ingila ba a kayar da rago a tsakar gida, mahauci za ka biya, a yanka a mayanka, ka je ka karɓo namanka a kwali. Na kawo nawa, uwargida ta miƙo wuƙa, ashe ta dakushe, ko tumatir murƙushe shi take yi. Ban tsaya wani tunani ba na fita na tsuguna kan matakalar siminti, na yayyafa ruwa, na hau wasawa kamar ina ƙofar gidanmu a unguwar Jahun can Bauchi.

Sai na ji gyaran murya. Maƙwabcina ne, wani dattijon Bature, ya kafa mini ido ta saman shinge. Gabana ya faɗi. Ƙasar da yawo da wuƙa ba dalili kan kai mutum gidan yari har shekara 4, ko wuƙar aljihu ma sai mai naɗewa wadda ruwanta bai wuce inci 3 ba, ga ni baƙin mutum cikin jallabiya da zungureriyar wuƙa. Na ce yau 'yan sanda ne za su ci naman layyar nan.

Ashe wuƙar yake tausayi. Ya karɓa, ya ɗaga bakinta saitin haske, ya girgiza kai irin na wanda ya ga an bugi maraya, har na ji kunya. Tsohon ma'aikacin masana'antar ƙarfe ne, kuma garin namu Shefil, inda Harry Brearley ya gano ƙarfen da ba ya tsatsa a 1913, wuƙa a wurinsu gadon gida ce.

Ya ja ni ɗan ɗakin kayan aikinsa a bayan gida. Jama'a, dutsen washi ma ashe aji-aji ne, kowane da lambarsa. Mai 400 garjaje ne, na wuƙar da bakinta ya ɓantare. Mai 1000 shi ne na yau da kullum. Mai 6000 sumul yake kamar sabulu, na gogewar ƙarshe. Ya jiƙa dutsen minti goma har ya daina kumfa, ya kwantar da wuƙar ya ɗan ɗaga bayanta, digiri 15 zuwa 20, tazarar da ba ta fi kwabo biyu a ɗore ba. Ya yi ta turawa a hankali, sannan ya kama yatsana ya shafa ɗaya gefen. Na ji wani ɗan kaushi siriri kamar gashi. Ya ce sai wannan ya fito tun daga gindi har tsini ake juya wuƙa, in ba haka ba wahalar banza ce. Da ya gama sai ga wuƙata tana tsaga takardar jarida a tsaye.

Shi ya hana ni sayen ɗan abin nan mai tsaga da ake jan wuƙa a ciki, da ya cika kantuna. Yana ba da kaifi nan take amma ƙarfen yake kankarewa. Sandar ƙarfen nan ta mahauta kuwa ba washi take yi ba, bakin da ya lanƙwashe take miƙarwa. Na sayi dutse mai fuska biyu, 1000 da 6000, ya ishe ni har da 'yar wuƙar aljihuna.

Tun ranar nake jin haushinmu. Wuƙa ɗaya ita ce ta yanka albasa, ta buɗe gwangwanin tumatir, ta sara ƙashi, ta kwance kusa. A kan farantin ƙarfe ake yanka, ba katako ba. In ta mutu a kai wa mai injin washi a kasuwar Wunti, ya danna ta tartsatsi na tashi muna murna, alhali zafin nan ne ke kashe taurin bakin, shi ya sa bayan mako guda ta sake dakushewa, cikin shekara biyu ta koma kamar tsinken tsire.

Amma fa in faɗi gaskiya, da tsadar wuƙaƙen nan duka, har yau ban riƙe wadda ta kai ta maƙerinmu ba, baƙar nan da ake ƙerawa daga ƙarfen sifirin mota. Tana tsatsa, ƙotarta na girgiɗi, amma shafa uku a dutse ta tashi. Kuma a nan ba mai washin da zai biyo layi ya yi sallama, ku taɓa hira yana aiki.

Da wani ɗan'uwa zai dawo gida na aika wa Inna dutse irin nawa, na yi mata dogon bayani ta waya. Makon jiya na tambayi ƙanwata ko ana amfani da shi. Ta ce, "Sosai ma, Yaya. Inna ta ce ba ta taɓa samun dutsen goge kaushi mai kyansa ba."